Farin Layin Don Evaristo

Matan da suka yanke ta bayan filin ƙwallo za su coci ran Lahadi da safe, su suka fara ganinsa. Don Evaristo yana kwance rub da ciki a kan tudun jifa, inda mai jefa ƙwallo yake tsayawa, tsakiyar filin da ya tsufa yana gyarawa. Hularsa ta faɗi gefe, madaɓin ƙarfen da yake daɓe ƙasa da shi yana kusa da kansa. Ya riga ya bi filin da manjagara, ya yayyafa ruwa, ya ja dogayen layukan nan biyu da farar ƙasa saboda babban wasan da za a yi da yamma. Sai da ya gama aikinsa tsaf aka fasa masa ƙeya.

Kafin a sake kaɗa ƙararrawar coci, duk unguwar masu aikin rake ta Batey San Telmo ta taru a bakin wayar da ta zagaye filin. Ba a daɗe ana kuka ba aka fara ambaton suna ɗaya.

"Nicanor ne. Wane ne in ba shi ba?"

"Jiya ma tsohon ya kore shi daga bakin ƙofa kamar kare. Ina wurin."

"Wanda ya sayar da wasa ai zai sayar da surukinsa."

Nicanor shi ne majefin da garinmu bai taɓa haifar irinsa ba a wasan besbol, ƙwallon da ake jefawa a buga da sanda. Bahago ne, hannunsa ya kai shi har ƙasar waje. Can 'yan caca suka saye shi, ya zubar da wasa da gangan, aka gane. Hukumar wasan ta kore shi har ya mutu: ba zai yi wasa ba, ba zai koyar ba, ba zai taka filin da ke ƙarƙashinta ba. Filinmu kuwa na hukumar ne, nan ƙaramar ƙungiyarta take wasa. Ya dawo gida ya kama yankan rake. Matarsa Eufemia 'yar Don Evaristo ce. Ɗansu guda, Radhamés, ya gaji hannun uban, shi ne ma zai yi jifa a wasan ranar, ana cewa masu neman 'yan wasa za su zo daga birni dominsa.

Saje Taveras na 'yan sanda ya je ya kamo Nicanor tun kafin jama'a su riga shi. Eufemia ba ta bi su ba. Da ƙafarta ta tafi garken shanun da ke jan amalanken rake, wurin Ciprián.

Ciprián tsoho ne mai bin sawu. In an sace shanu, shi ake kira, ya bi ƙasa da ido har ƙofar ɓarawo. Shi ne kuma ya riƙe Radhamés a coci ranar da aka yi masa baftisma, don haka shi da iyayen yaron compadre da comadre suke kiran juna, yaron kuwa padrino yake ce masa.

"Compadre," in ji Eufemia, idanunta a bushe, "an kashe ubana, an kama mijina. Nicanor ko kaza ba ya iya yanka mini. Ka je ka tambayi ƙasa."

"In ta faɗi abin da ba ki so fa, comadre?"

"Me ya rage wanda ba na so? Ka je."

Da ya isa an ɗauke gawar, hular dai tana nan inda ta faɗi. Jama'a ta babbar ƙofar gabas suka shiga, sun tattake tsakiyar filin kamar an koro garke. Saje yana tsaye yana share gumi.

"Kun bar mini wani abu kuwa?" in ji Ciprián. "Ko jakuna ne suka yi biki a nan?"

"Tsoho, na kira ka ne? Ga gawa, ga madaɓi, ga wanda suka yi faɗa jiya. Me kuma za ka nema?"

Ciprián ya juya masa baya. Ya zagaya yamma, inda wata 'yar ƙofa take kallon gonar rake. Nan ba wanda ya bi. Tun daga 'yar ƙofar an share ƙasa da tsintsiyar kaba, shara ta gaggawa, ba irin ta Don Evaristo ba wadda take tafiya a jere kamar kitso. Ya bi sharar a duƙe. Ta zo daidai bakin farin layin ta tsaya cak. Ko ƙwayar farar ƙasa ɗaya tsintsiyar ba ta taɓa ba.

A bakin layin, daga waje, ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya ji kwarmi biyu masu tauri gefe da gefe, daidai ƙafar mutum. Irin wannan ba a yin sa rana ɗaya. Haka ƙasa take yi a inda sa yake tsayawa kullum yana jiran a ɗaura masa karkiya.

Daga ciki kuwa, taki ɗaya bayan layin, ƙasar da aka yayyafa wa ruwa ta riƙe abin da aka ba ta. Wani mai takalmin ƙusa irin na 'yan wasa ya yi tsalle ya dira a kan yatsun ƙafa. A gefen hagu na sawun, ga shaidar yatsun hannu uku da aka dangwala a ƙasa.

Zuciyarsa ta faɗi wani suna. Ya ce mata ta yi shiru, 'yan ƙwallo masu taɓa ƙasa suna da yawa. Ya ɗauko kwanon da marigayin yake auna farar ƙasa da shi, ya kife a kan wurin, ya ɗora dutse.

Daga nan shagon Mon ya nufa, mai karɓar caca a kan wasanni. Ya tarar da shi a ƙofar shago, farin takalmi, sarƙa a wuya, yana tsintar 'ya'yan wasan domino da suka watse a ƙasa.

"A'a, mai shanu! Sa ya ɓace ne? Duba aljihuna."

"Ɗaga ƙafarka, Mon."

Ƙasan takalmin duk farar ƙasa ne. Waɗanda ke zaune a benci suka miƙe.

"Kai, ku zauna!" in ji Mon. "Da safen nan na taka, tare da rabin garin nan. Ni ɗan ƙwallo ne da zan riƙa tsallen layi kamar kwaɗo? Layi ne kawai, ba kabarin uwata ba."

"Ina ka kwana?"

"Gidan da matata ba za ta so ta ji ba. Ka tambayi mai sayar da soyayyen kifi, ta gaya maka ko da asuba na iya ɗaga madaɓi."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri.

"Wa ya kife maka tebur?"

Mon ya kawar da kai. Wani tsoho a benci ya amsa masa: "Don Evaristo ne, jiya da yamma. Ya ce gida ɗaya da irinsu suka rusa ya isa, ba za su rusa shi sau biyu ba."

"Tsufa ne," in ji Mon. "Baƙi sun zo daga birni sun zuba a kan cewa za a ci mu yau. Laifina ne? Ni karɓa nake yi."

Ciprián ya duba takalmin da kyau. Ƙasansa sumul, ba ƙusa, kuma mai tumbi irin na Mon ba ya dira a kan yatsu. Ya so a ce shi ne. Ba shi ba ne.

A gidan Eufemia mata sun cika tsakar gida suna jan carbi, ana raba kofi baƙi. Radhamés yana zaune a bayan ɗaki a kan galan, dogo, kafaɗu kamar ƙofa, farantin ayaba dakakkiya a gabansa ta huce. Da ya ga Ciprián ya miƙe.

"Sa mini albarka, padrino."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ba ka ci ba."

"Ba ya wucewa."

"Yaushe rabonka da kakanka?"

"Jiya. Jiya da rana."

Eufemia ta fito da kofi a hannu. Ta bi idon Ciprián zuwa rufin kwano, inda aka shanya takalman ƙusa suna ɗigar ruwa.

"Ka gani ko, compadre? Tun da suka fara cin wasa Radhamés ya hana ni taɓa su, wai sa'a za ta wanke. Wari har ɗakina. Yau da ba wanda ya roƙe shi, shi ya wanke da kansa." Ta miƙa masa kofin. "Ƙasa ta yi magana?"

"Ta fara."

"To kada ka tsaya. Ko wane ne, ina so in ga idonsa."

Ciprián ya shanye kofin da zafinsa, ya fita bai yi sallama ba.

A ofishin 'yan sanda Saje ya tare shi da fara'a. "Ka wahalar da gwiwarka a banza, tsoho. Ya amsa laifinsa."

Nicanor yana zaune a ƙasa bayan ƙarafa, hannayen da rake ya yayyanka a kan gwiwa.

"Ni ne, compadre. Ya zage ni a gaban mutane, na kwana da abin, na je na buge shi. Shi ke nan."

"A ina ka buge shi?"

"A kan tudu. Kowa ya gani."

"Ka shiga kenan."

"Na shiga."

"Da wace ƙafa ka ƙetare layin?"

Nicanor ya sunkuyar da kai.

Ciprián ya tsuguna, ya rage murya. "Na ga inda kake tsayawa. Ƙasar ta yi kwarmi. Tun yaushe?"

Nicanor ya ce, "Tun da na dawo. Surukina shi yake buɗe mini 'yar ƙofar kafin gari ya tashi. Da rana ya zage ni don kada hukuma ta kore shi daga aiki, da asuba ya kawo mini kofi. In tsaya in kalli tudun yana daɓe shi. Sau nawa yana cewa, shigo mana, sakarai, wa zai gan ka? Ban taɓa shiga ba. Na ɓata wurin nan sau ɗaya, compadre. Ba su ne suka hana ni ba, ni ne."

"Yau fa? Yana kwance a can."

"Na kira sunansa. Na ɗaga ƙafa." Ya dubi ƙafar kamar ta wani ce. "Ta ƙi."

"Amma tsintsiya ba ta ƙi ba."

Nicanor ya kama ƙarafan da hannu biyu. "Ka bar shi haka. Ni na riga na mutu tun tuni, gawa ce take yankan rake. Me kurkuku zai rage mini? Kai ka riƙe yaron nan a gaban Fada. Ka yi alkawari za ka zama ubansa in ba ni."

"Na yi."

"To ka zama."

Ciprián ya fito ya zauna a gindin mangwaron da ke gaban ofishin. Ya tuna ranar baftismar, yadda jaririn ya kama masa yatsa da hannun hagu har Nicanor ya yi ihu a cikin coci. In ya je ya ɗauke kwanon nan ya goga ƙafa sau ɗaya, magana ta ƙare. Amma Mon ya sani, baƙin birni sun sani. Yaron da ya sayar da wasa ya kuma kashe a kai, nasu ne har abada, za su ja shi da igiya a hanci duk inda ya je. Ga Eufemia kuma, za ta kwana tana tsine wa mijin da bai yi ba, ta tashi ta dafa wa wanda ya yi. Ya daɗe a zaune. Sannan ya koma ya ce wa Saje ya tara masa mutane a filin kafin rana ta faɗi.

An fasa wasan, amma filin ya cika kamar ana yi. Jama'a suna bayan waya. A ciki, ta 'yar ƙofar yamma, Saje ya kawo Nicanor da ankwa a hannu, ga Mon, ga kocin ƙungiyar da 'yan wasansa, ga Eufemia cikin baƙaƙen kaya, Radhamés a bayanta.

Ciprián ya nuna ƙasa da sandarsa. "Ku duba sharar nan. Wani ya share sawu tun daga ƙofa. Saje, in kai ne ka kashe mutum a kan tudun can, kana so ka ɓatar da sawunka, a ina za ka fi sharewa?"

"Kusa da gawar mana."

"To wannan ya share waje tas, ya zo bakin layi ya tsaya. Ciki bai taɓa ba, alhali can ne sawun ya fi fitowa. Mutum nawa ne a garin nan layin farar ƙasa yake tare su kamar katanga?"

Duk ido ya koma kan Nicanor.

"Ƙarya ne!" in ji Nicanor. "Na shiga, na ce muku na shiga!"

"Shiga mu gani, compadre."

Nicanor ya tako har bakin layin. Ƙafafunsa suka faɗa cikin kwarmin nan biyu kamar an auna. Ya ɗaga ta dama. Ta tsaya a sama, gumi yana zuba daga haɓarsa. Daga bayan waya wani ya yi dariya, wata mata ta ce masa ya rufe baki. Ƙafar ta koma inda ta fito.

"Wanda ya share bai kashe ba," in ji Ciprián. "Sawun wani yake ɓoyewa. Ku zo mu je tudun, in nuna muku."

Saje ya wuce ya taka layin bai ko lura ba. Mon ma ya taka. Kocin ya ɗaga ƙafa ya tsallake, 'yan wasan suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tsalle, don ba ɗan ƙwallon da zai taka layi ko da gobara ce ta koro shi. Ciprián yana tsaye yana kallon ƙasa, ba fuskoki ba. Radhamés bai motsa ba.

"Ɗana," in ji Ciprián, "hular kakanka tana can a ƙasa tun safe. Ɗauko wa uwarka."

"Radha, kada ka..." in ji Nicanor.

Amma yaron ya riga ya taka. Ya yi tsalle, ya dira a kan yatsu, ya sunkuya ya dangwala yatsun hagu uku a ƙasa, yadda ake riƙe ƙwallo, ya kai su goshi zai yi alamar gicciye, kamar yadda yake yi tun yana ƙarami duk sanda zai shiga fili. Ciprián ya ture dutsen, ya ɗaga kwanon. Shaida biyu gefe da gefe, ta safe da ta yamma, ba abin da ya raba su.

Hannun Radhamés ya tsaya a goshinsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi uwarsa.

"Mama, magana kawai na zo mu yi."

Eufemia ta ƙura masa ido.

"Kaka ya gan ni da mutanen Mon. Na ce masa wasa ɗaya ne, sau ɗaya, in cire mu daga gidan kwano. Na ce kada ya kai ni hukuma. Ya ce shi ba ruwansa da hukuma, Baba zai gaya wa, yanzun nan in ya zo bakin layi. Ya juya mini baya ya ci gaba da aikinsa. Na ce Kaka, ka gaya wa kowa, ban da Baba. Bai juyo ba. Madaɓin yana nan kusa da ni..."

Ya zube a ƙasa. Nicanor bai tsaya tunani ba. Da ankwar a hannu ya ruga, ya taka farin layin a tsakiya har ƙura ta tashi, ya faɗi a kan ɗansa ya zura hannayensa ta kansa ya rungume shi. Mon ya fara ja da baya, 'yan wasan suka tare shi.

Da Saje ya cire ankwar daga hannun uba ya mayar hannun ɗa, suka bi ta gaban Ciprián. Radhamés ya tsaya, kansa a ƙasa.

"Sa mini albarka, padrino."

Ciprián ya dube shi. "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Washegari aka binne Don Evaristo da hularsa. Tun alƙali bai zauna ba rediyo ya faɗi cewa hukumar wasan ta kori Radhamés har ya mutu, mai karanta labarin har da ƙarawa cewa ba a taɓa jin an kori uba da ɗa a gida ɗaya ba. Ciprián bai sake bin sawu ba. In an sace shanu aka zo kiransa, sai ya ce idonsa ya mutu. Yakan zo gidan ran Lahadi ya zauna a ƙofa, Eufemia ta kawo masa kofi, ba ta taɓa ce masa ya yi laifi ba, ba ta taɓa ce masa ta gode ba.

Nicanor ya koma yankan rake. Ba ya zuwa bakin filin kuma, sabon mai gyara ya cike kwarmin nan biyu da ƙasa. Takalmin da ya taka layin da shi yana nan bayan ƙofa, farar ƙasar ba ta fita ba, bai sake sa shi ba. Kullum da safe Eufemia takan share ɗakin ta zagaye shi. Ta ga ƙafar nan ta ƙetare saboda ɗanta, alhali ta ƙi saboda ubanta. Akwai abin da take so ta tambaye shi game da safiyar nan, ko ubanta yana sauran numfashi lokacin da aka tsaya a bakin layi ana kiran sunansa. Suna cin abinci a kwano ɗaya, suna kwana a ɗaki ɗaya. Har yau ba ta tambaya ba.